Yadda Ake Siyan Ƙaramar Mota Ta Hannu A Gombe Ba Tare Da An Yi Maka Sakiyar Da Ba Ruwa Ba

Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga watan Mayu 2023 kowa ya koma neman ƙaramar mota. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki kuma daga nan bata sake komawa tsohon farashinta ba, masu manyan jif ma da yawa sun ja sun ajiye an rufe da tamfol. Shi yasa yanzu a Gombe in ka ga Corolla ko Vibe mai lafiya an ɗora mata galan a kai alamar ta siyarwa ce, toh bata daɗewa, kuma dillalai sun san haka sarai, sun san ido ya rufe, sun san mai siye a matse yake. Abinda nake so ka riƙe tun daga nan shine ba a bakin magana ake cin ciniki ba. Wanda ya leƙa ƙarƙashin mota ya karanta takardunta kafin ya buɗe baki ya yi tayi, shi ke da ƙarfi a wajen, ko da kuwa bai iya surutu ba.

Fara da aljihunka

Kafin ka taka filin mota ka zauna ka raba kuɗinka gida biyu. Kashi ɗaya na motar, kashi ɗaya na abinda zai biyo bayanta, domin babu motar hannu da za ka siya ka ce ba za ta ci ko sisi ba. Akwai juyen baƙin mai, akwai man giya, wataƙila taya biyu, wataƙila batir, ga canjin takardu ga inshora ga la'adar dillali ga sallamar bakaniken da ya raka ka. Ni shawarata ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na abinda ka tara ka manta da shi, kar ma ka lissafa shi cikin kuɗin mota. In miliyan 6 gare ka, motar miliyan 5 da ɗan wani abu kake nema, ba ta miliyan 6 ba. Kuma wannan lissafin tsakaninka da Allah ne, dillali baya cikin masu ji. Tambayarsa ta farko kullum ita ce “Alhaji nawa ka shirya?” kuma duk adadin da ka furta, daga ranar duk motar da zai nuna maka kuɗinta kenan ko ya ɗara kaɗan. Ce masa kawai nuna min abinda kake da shi, in na ga wadda ta yi min za mu yi magana.

Wace mota ma kake so

Ka yanke wannan tun a gida, ka tsaya kan kala biyu ko uku, in ba haka ba za ka je neman Corolla ka dawo da abinda baka taɓa mafarki ba saboda fitilarta ta burge ka. A nan yankin namu abu uku ake dubawa, shan mai, samun kayan gyara, da bakaniken da ya san ta. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8 ita ce kowa ke rububi, kuma da dalili, sarƙa gare ta a tayimin, wato abinda ke daidaita aikin cikin inji, ba bel ba, kayanta har a Kumo da Bajoga za ka samu, ranar da ka gaji da ita kuma kafin la'asar ka samu mai siye. Pontiac Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne, injinsu irin na Corolla ɗin ne, sun fi ta ɗan tsayi da faɗin baya, shi yasa masu zuwa gona da masu iyali ke son su. Civic tana da daɗin tuƙi amma ƙasa-ƙasa take, in gidanka yana cikin unguwannin da ruwa ya zaizaye layi ko yashi ya cika, ka yi tunani sau biyu, kuma ka sani Civic ta 2006 zuwa 2008 an san wasu daga cikinsu da tsagewar bulok ɗin inji har ruwa ya dinga zuba, sai an duba wajen da kyau. Golf 3 tsohuwa ce ƙwarai yanzu amma tana da haƙuri kuma ko wane gareji an san ta. Peugeot 206 da 307 suna da sauƙin kuɗi, amma in za ka siya ka nemi manuwal, otomatik ɗinsu ya sha wahalar da mutane, sannan bel suke amfani da shi a tayimin, in ya tsinke a kan hanya aiki ya same ka.

Sai maganar beljiyam da ta hannu. Beljiyam, ko tokumbo, ita ce wadda aka shigo da ita daga waje ba a taɓa yi mata lamba a nan ba, ta hannu kuma ita ce wadda wani ya hau a ƙasar nan. Da faɗuwar naira beljiyam ta fi ƙarfin mutane da yawa, kuma gaskiya motar hannu da ma'aikaci ɗaya ya riƙe yana yi mata sabis kan lokaci ta fi wata beljiyam ɗin da aka tsamo daga gwanjon motocin hatsari a Amurka. Matsalar ita ce akwai masu ɗaukar motar da ta yi shekara biyu a Legas ko Abuja su cire lamba su wanke inji su manna takarda a gilashi su ce darek beljiyam ce. Ka duba ramin kusoshin lamba gaba da baya, ka duba gilashi ko akwai shatin sitika da aka ɓanɓare, ka leƙa ƙasa ka ga ko jar ƙasarmu ta maƙale a lungunan da ruwan wanki baya kaiwa.

Kuma dan Allah kar ka yi cinikin biri a sama. Hoto a Facebook ko WhatsApp, mota tana Kwatano ko tana hanya, turo kafin alƙalami a riƙe maka, wani ma ya ce shi jami'in kwastam ne ana gwanjo. Motar da baka taɓa da hannunka ba kar ka tura mata ko naira ɗaya. In a Kano take ko Kaduna ko Jos, kuɗin motar haya da za ka biya kai da bakanikenka ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Dillali

Dillanci sana'a ce ta halal kuma akwai mutanen kirki a ciki, waɗanda za su ja ka gefe su ce wannan ba taka bace bar ta. Amma ka san yadda abin ke tafiya. Sau da yawa wanda ya kawo ka ba shi ke riƙe da motar ba, shi ya ji a wajen wani, wanin ya ji a wajen yaron mai fili, mai filin kuma ajiya aka kawo masa, kowa a cikinsu ya ɗora nasa. Toh tun farko ka tambaya a fili, motar waye, kuma mutum nawa ne a tsakani. Sannan ku yanke maganar la'ada kafin a fara ciniki, nawa ce, wa zai biya, kai ko mai mota ko ku biyun. In ka bar ta sai bayan an sallama za ka ga mutum biyar sun taso daga kan benci kowa na cewa da shi aka yi.

Ranar duba mota

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ka zo da bakanikenka, wanda kai ka sani kai za ka sallama, kuma kar ka faɗi sunansa ko garejinsa kafin ranar. Bakaniken da dillali ya kira maka ko wanda ke zaune a bakin filin, ko mutumin kirki ne, gobe ma a wajen zai ci abinci, ba zai ɓata da su saboda kai ba. In da hali ka haɗa da mai gyaran wayar mota wanda ke da na'urar sawa mota kwamfuta.

Ku je da safe, da hasken rana, ba da magariba ba kuma ba lokacin da aka gama wanke ta tana sheƙi ba. Ka ce kar a tada ta kafin ku iso. Da zuwa ka ɗora tafin hannu a kan bonet, in da ɗumi an riga an tada ta, kuma injin da ya ɗumama yana ɓoye abubuwa da yawa, ƙarar sarƙa, wahalar tashi, hayaƙin farko. Ka ce za ka dawo gobe da sassafe, ba faɗa.

Fara da jiki. Ka tsaya a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye har baya, in an yi aikin bodi za ka ga hasken yana lanƙwasa. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, bonet da fenda, ya kamata hagu da dama su zama ɗaya. Ka zo da ɗan ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, inda aka cika fila, wato abin da masu bodi ke cike lotsawa da shi, ba zai kama da kyau ba. Buɗe bonet ka kalli kusoshin da suka riƙe fenda, in fentin kansu ya gurje sifana ta taɓa su, an taɓa cire wajen. Ɗaga robar bakin ƙofa ka ga ko launi biyu ne. Fenti shi kaɗai ba laifi bane, mota mai shekara goma sha biyar a titinmu dole wani ɗan acaɓa ko mai Keke ya taɓa gogarta, abinda kake nema shine bugun da ya kai ga shasi. Don haka ku leƙa ƙarafunan gaba guda biyu da injin ke zaune a tsakaninsu, ku cire safaya taya ku kalli ramin but, in ka ga walda ko ƙarfe ya yamutse an buga an miƙe, wallahi ka haƙura da ita ko nawa aka rage maka, irin wannan ita ce ke cin taya gefe ɗaya har abada kuma ranar hatsari ba za ta kare kowa ba.

Sai maganar ruwa. Motocin ambaliya suna shigowa daga Amurka, kuma ko a nan kusa ka tuna abinda ya faru a Maiduguri a watan Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, motoci nawa suka kwana cikin ruwa, mota kuma ba binne ta ake ba, gyarawa ake a sa a kasuwa. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa. Motar da aka fesa mata turare ya yi yawa, ka tambayi kanka me ake rufewa. Motar ruwa yau lafiya gobe gilashi ya ƙi sauka jibi giya ta rikice, wayarta ba ta taɓa komawa daidai.

Yanzu inji. Kafin a tada, zaro sandar gwada mai ka murza a yatsa, in ya yi kauri yana danƙo fiye da kima an zuba mai kauri ne ko magani don a kashe ƙara. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka kalli cikinsa, in ka ga wani abu launin shayi mai madara ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ne ko abinda ya fi shi. Buɗe lagireto tun injin na da sanyi, ka ga ruwan ciki, jan tsatsa ne ko akwai maiƙo a kai. Sannan ka murɗa makulli rabi ba tare da ka tada ba, duk fitilun dashbod su kama, ta cek injin, ta ABS, ta eyabag, ta mai. Wadda bata kama ba an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif daga ciki, wannan tsohuwar dabara ce. In an tada kuma duk su mutu bayan ɗan lokaci.

Kai ka tsaya a baya wajen salansa lokacin da za a tada. Shuɗin hayaƙi inji na shan baƙin mai, ring ya sake. Fari mai kauri da baya ɗaukewa ruwa ne ke shiga. Baƙi kuma mai take sha ba ƙaƙƙautawa. Ka saurari fanka, in ta kama tun daga murɗa makulli bata tsayawa, an haɗa ta darek kenan, kuma galibi an cire tamostat, ka tambaya dalili domin sau da yawa motar ta taɓa yin zafi ne aka rufe maganar da haka. Ku leƙa ƙasa ku ga ko indomi na nan, wato abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, ana yanke shi a siyar saboda yana da kuɗi, motar da babu shi kuma ƙararta da warin hayaƙinta daban ne kuma kuɗinta ya kamata ya sauka. Mai kwamfuta ya sa na'urarsa, kuma ka ce ya duba ko yanzu-yanzu aka goge matsalolin, na'urar tana nunawa.

Taya ma kar ka raina. A gefen kowace akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 an yi ta sati na 23 a 2019 kenan. Ƴan rod sefti shekara huɗu suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta, kuma da zafin kwaltar watan Maris da Afrilu a hanyar Gombe zuwa Yola tsohuwar taya ba abin wasa bace ko da zanenta bai cinye ba. Taya huɗu kuɗi ne masu yawa, rubuta.

Eh, rubuta. Ka riƙe takarda da biro ko wayarka, duk abinda aka gani a rubuta shi da kiyasin kuɗin gyara daga bakin bakanikenka, a gefe, ba a gaban dillali ba. Wannan takardar da ita za ka yi ciniki.

Hau ka tuƙa

Zagaye ɗaya a cikin fili ba gwaji bane. Ka zuba mai na kanka in an ce babu mai, ka ɗauki yaron filin ku fita. Kashe rediyo. Ka bi layi mai gargada ka ji ƙafafu, ƙwanƙwasa daga gaba shokozoba ne ko bol join ko tayarod, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka juya a hankali, in ka ji ƙas-ƙas-ƙas shaf ne. Sannan ka kama hanyar Bauchi ka haura wajen Tumfure da esi a kunne da mutum uku a ciki, hawan nan shi ke tona asirin inji da giya, idonka na kan allurar zafi. Otomatik ya kamata ta canza giya sumul, in tana zabura ko inji na ihu mota bata gaba, ko in ka sa ta a D ko R sai ta yi jim kafin ta shiga da bugu, giyabos na hanyar tafiya. Man giyan ja ya kamata ya kasance, ba baƙi mai ƙauri ba. A dawowa wajen gangara ka gwada birki, ka ɗan sassauta riƙon sitiyari inda ba kowa ka ga ko tana ja gefe. Da kun dawo a bar ta a kunne minti goma a inda ƙasa ke da tsabta, a matsar da ita ka ga me ya ɗiga.

Takardu

Ko motar ta fi kowace lafiya, in takarda babu ka tafi. Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ginshiƙin ƙofa, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta jikin takardar kwastam da lasin da shaidar mallaka, harafi ɗaya ya saɓa magana ta canza. A motocin Amurka da Kanada abu na goma a jerin shi ke faɗin shekara, 3 na nufin 2003, 7 na nufin 2007, A kuma 2010. Wannan na da amfani ƙwarai don ana canza wa Corolla 2003 fitilu da bamba a ce maka 2007 ce a karɓi kuɗin 2007. Ka kuma rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a wajen gwanjon Copart ko IAAI suna fitowa, ka ganta yadda take kafin a gyara, har da adadin tafiyar da ta yi a lokacin. Agogon tafiya kam kar ka dogara da shi, ana mayar da shi baya, kuma na motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil 100,000 wajen kilomita 160,000 ne. Kalli yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye, su basa ƙarya.

Takardar kwastam ita ce babba. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, amma ba a daina shigowa da su ta daji ba, sai a buga musu takardar bogi. A cikin gari ba wanda zai tare ka, sai ranar da ka ɗauki iyali za ku Kano ko Abuja a tsayar da kai a hanya a buga lambar a ga ba a biya diyuti ba, a sauke ku da kayanku a bakin titi, dillalin kuma wayarsa ta daina shiga. Don haka ka karɓi kwafi ka kai ofishin kwastam da kanka a tantance kafin ka biya, shiyyar Bauchi da Gombe kwamanda ɗaya ce, kuma hedikwatar kwastam ta babbar shiyya, wato Zone D, ma a Bauchi take, ba nisa. Mai gaskiya ba zai hana ka kwafi ba.

In ta hannu ce mai lamba, ka duba lambar a shafin NVIS na hukumar rod sefti ka ga ko irin motar da aka yi wa rajista kenan, inshora kuma a shafin askniid. Ka nemi ganin wanda sunansa ke jikin takarda, ko aƙalla ku yi magana da shi ta bidiyo, in kuma ta bi hannu biyu ko uku a nuna maka takardar cinikin kowane hannu. Motar gado sai da yardar magada a rubuce. Motar da aka ce mai ita ya yi tafiya kuma ana sauri a rabu da ita a rabin kuɗi, ka bar musu abarsu, in ta sata ce a hannunka za a kama ta kuma kai za ka yi bayani a ofishin ƴan sanda.

Ciniki

Toh yanzu ka zo inda kowa ke ɗoki. Kafin ranar ka riga ka zaga fili uku ko huɗu ka ji kuɗin irin motar, ka leƙa shafin saye da sayarwa na Jiji ka ga yadda ake sa ta a Kano da Abuja, ka san inda kasuwa ta tsaya. Kar ka yabi motar a gabansu, kar ka kira Hajiya ta bidiyo kana nuna mata kujeru, in da ita kuka zo ku gama shawara a gida cewa ba mai nuna zumuɗi. Ka bar shi ya fara sa suna. A ce ya ce miliyan 6 da rabi.

Kar ka ce miliyan 3 don ka nuna kai gwani ne, raini ne kuma zai daina ɗaukarka da muhimmanci. Fito da takardarka.

“Alhaji mota ta yi, ba zan ɓata maka kaya ba. Amma taya huɗu duk sun wuce lokaci, shokozoba biyu na gaba sun tafi, kwamfuresan esi baya kamawa, indomi babu. Oga Bakanike ya lissafa min abinda zan kashe. Na saya biyar da ɗari huɗu.”

“Haba ranka ya daɗe, albarka. Wallahi ko jiya an taya shida da ɗari biyu ban bayar ba.”

“Allah ya kawo kasuwa Alhaji, da ka bayar ai. Ni dai abinda na gani a jikinta shi na taya.”

Daga nan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya amma shi ke aiki, yawancin masu siye su ke ƙara wa kansu kuɗi saboda sun kasa jure shiru. In za ka ƙara ka ƙara kaɗan-kaɗan kuma kowane ƙari ya fi na baya ƙanƙanta, dubu ɗari, sai hamsin, sai ashirin, hakan ke nuna masa ka kusa bango. Kuma kar ka ƙara sau biyu a jere shi bai sauko ba. In ya ce a raba bambanci, ka lissafa da kyau, don wanda ya fara da kuɗi mai yawa shi rabon ke yi wa daɗi. In kuɗi ya ƙi sauka ka juya ta wani gefen, ya sa sabon batir, ko ya ɗauki nauyin la'ada, ko ya gyara esi kafin ka ɗauka, amma ni na fi son a rage kuɗin in gyara da kaina, gyaran mai siyarwa na kwana uku ne.

Za ka ga wani ya shigo ana cikin magana ya zaga motar ya buga taya da ƙafa ya ce shi ya saya shida yanzu zai je ya kawo kuɗi. Wani lokacin da gaske ne, sau da yawa kuma nasu ne. Wannan shi ake kira najashi, mutum ya yi tayi ba don zai siya ba sai don a tunzura wani, kuma Annabi (SAW) ya hana. Kar ka yi gardama kar ka zargi kowa, ce masa Allah ya sa albarka ya ɗauka. Haka in aka ce mai motar na asibiti yau ake buƙatar kuɗin, ka yi masa addu'ar samun lafiya amma kar saurin wani ya hana ka zuwa kwastam.

In kun kai iyakarka, ka miƙe ka yi sallama cikin mutunci, ka bar lambarka ka ce in mai ita ya yarda a kira ni. Ka tafi da gaske, ba ka tsaya a bakin get kana waige ba. Sau da yawa kafin ka kai Jekadafari waya ta shigo, in bata shigo ba kuma motoci basu ƙare ba. Amma kai ma in ya ce na sallama a kan abinda ka taya, toh magana ta ƙare, ba kyau ka dawo kana neman wani ragin ko ka ce bari ka yi shawara, shawara kafin tayi ake yin ta.

Biyan kuɗi

Kafin alƙalami in ya zama dole ya zama kaɗan, kuma a rubuta cewa za a dawo maka da shi in takardu basu tantance ba. Ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da mai motar ko kamfanin filin, ba asusun wani yaro ba, kuma a wajen bayanin tiransfa ka rubuta kuɗin mota kaza da ƙarshen lambar shasi. A rubuta yarjejeniya, sunan mai siyarwa da naka, irin mota, launi, lambar shasi, lambar inji, lambar rajista, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da layin da ke cewa shi ke da alhakin duk wata matsala ta mallaka ko ta kwastam da ta samo asali kafin yau. Shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, kwafin katin shaidarsa na NIN, rasit mai hatimin fili, ku ɗauki hoto tare a gaban motar. In ɗan'uwanka ne ko abokinka ma a rubuta, kunya ce ke kai mutane kotu. Ka karɓi takardu na asali duka, da makulli na biyu, da jak da abin kwance taya, kafin ka bar wajen, “zan aiko maka gobe” ba ya zuwa.

Satin farko

Kar ka hau ta da sunan wani. Ka je ofishin lasin na hukumar tara haraji ta jiha a yi canjin suna, ka bi ta wajen bi'ayo, jami'an duba mota, a baka takardar lafiyar mota, ka yi inshora ta gaskiya a kamfani mai rajista, tun Janairu 2023 mafi ƙanƙantarta ta motar gida naira 15,000 ce, duk wanda ya ce zai yi maka a dubu uku takarda kawai zai buga maka, kuma tun Fabrairu 2025 ƴan sanda ke tambayarta a hanya. In gilashinta mai duhu ne ka nemi izininsa wajen ƴan sanda da sunanka. Takardun asali su zauna a gida, kwafi a mota.

Sannan ko an rantse maka jiya aka yi sabis, ka juye baƙin mai ka canza filta, ka sa irin man da aka rubuta a murfin inji ko littafin motar ba wanda mai shago ya ga dama ba, a duba man giya da na birki, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a mayar da tamostat in an cire, a yi alaimen. In mai bel ce irin Peugeot ko Golf ko Civic ta 2001 zuwa 2005, a canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa a lokaci ɗaya tunda baka san yaushe aka sa na ciki ba, kuma ka yi wannan kafin ka ɗauke ta doguwar tafiya ko da Bauchi ce.